Wai Katun Na Yara Ne? A Sake Lale

Daga ɗalibin ND II, ɗan Fagge

Akwai wata tambaya da kusan duk mai kallon zanen Jafan ya sha ta: "Ƙato da kai, katun kake kallo?" Ana yin ta a bakin ɗakin lakca, ana yin ta a zaure, ana yin ta har a cikin A Daidaita Sahu idan na kusa da kai ya leƙo wayarka. Mai tambayar ba amsa yake nema ba, ya riga ya yanke hukunci: duk abin da aka zana yana motsi a allo na yara ne, kamar alawa da balan-balan. Wanda aka tambaya kuma sai ya yi yaƙe ya kife waya, kai ka ce an kama shi da hannu a tukunyar miya.

Ni dai ra'ayina shi ne wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Yana sa babba ya raina abin da dominsa aka yi. Abin da ya fi wannan muni, yana sa a ɗauki fim ɗin da ko babba sai ya daure kafin ya kalla, a miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai, a ce ai katun ne. Sannan yana rufe mana ido, mu ɗaliban kimiyya da fasaha, daga wata sana'a da hannunmu zai iya. Sunan wannan zane na Jafan anime, kuma kafin wani ya ce min "ani me?", bari in fara da tarihin unguwarmu.

Kano ba baƙuwar kallon nesa ba ce

Ta Sabon Gari da Fagge fim ya shigo Kano. A 1937 aka buɗe silimar Rex a Sabon Gari, daga baya aka sami El Dorado, aka sami Plaza da Wapa a Fagge. Yau in ka ce Wapa, canjin dala da riyal ne ke faɗo wa mutum a rai, amma sunan na gidan silima ne. A waɗannan gidaje kakanninmu da iyayenmu suka ƙulla abota da Indiya ba tare da suna jin Indiyanci ba. Har laƙabi suka raɗa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Aka yi yayin 'yan Chana, yaran unguwa suka yi ta gurɗe ƙafa wajen kwaikwayon Bruce Lee. Da kaset ya zo, kallo ya koma ɗaki, Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kasuwarsa. Da Turmin Danya ya fito a 1990, muka fara yin namu. Yau ga fassarar Algaita ta sa Ba'indiye yana yin baƙar magana da Hausar Kano, babu wanda ya ce abin mamaki ne.

Shi kansa zanen Jafan ya daɗe da shigo mana. Voltron da baffanninmu suka kalla a talabijin suna yara, asalinsa na Jafan ne. A 1981 aka yi shi da sunan GoLion, Amurkawa suka saya suka canja masa suna. Gidajen da suka kafa dish ɗin Larabawa kuwa sun san tashar Spacetoon, sun san Kyaftin Majid, yaron nan mai buga ƙwallon da takan yi minti biyar a sama kafin ta sauka. Sunansa na yanka Captain Tsubasa, wani Bajafane mai suna Yoichi Takahashi ne ya ƙirƙiro shi a 1981, Larabawa suka yi masa wankan Larabci. Wato wasu daga cikin masu yi mana dariya yau su ma sun sha anime har sun ƙoshi, sunansa ne dai ba su sani ba.

Abin da ya canja shi ne hanyar zuwansa. Da, gidan talabijin ne ke zaɓa wa mutane. Yanzu waya ce da memori. Ka shiga shagon masu tura fim a Fagge, ko ta wajen France Road, ko Titin Beirut, ka ba da 'yan nairori a cika maka. A kwamfutar mai shagon akwai jakar Indiya, akwai ta Hausa, akwai ta Koriya, sai kuma guda ɗaya da aka rubuta wa katun. A cikinta Tom and Jerry ke kwana ɗaki ɗaya da Attack on Titan. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kasuwa ce, kowane layi da hajarsa

Wanda ya tsaya a bakin Kantin Kwari ya ce "ai duk tsumma ne" bai ƙarar da kowa ba sai kansa. A ciki akwai layin shadda, akwai na atamfa, akwai na leshi, akwai na yadin makaranta, kowanne da mai sayensa. Haka anime yake. Hanya ce ta yin fim, kamar yadda kyamara take hanya, kuma kowane irin labari ana iya bi da shi ta cikinta.

Yawancin anime daga littattafan zane yake farawa, waɗanda Jafanawa ke kira manga. Ana buga su a mujallu, kowace mujalla kuma ta san wa take yi wa magana. Akwai na ƙananan yara, irin Doraemon, wata mage ta ƙarfe da aka aiko daga zamani mai zuwa don ta taimaki wani ragon yaro mai suna Nobita, da irin Pokémon da aka fara nunawa a 1997. Waɗannan su ne suka cancanci sunan katun yadda muke nufi da shi.

Akwai na samari, wanda suke kira shonen. Mujallar Shonen Jump, da ke fita mako-mako tun 1969, ita ta haifi Dragon Ball na Akira Toriyama a 1984, da One Piece a 1997, da Naruto a 1999. Wannan layin shi ya fi cika a wajenmu. Jigonsa kusan ɗaya ne: yaro mara galihu, buri babba, horo mai tsanani, da abokan da ba sa guduwa ranar wuya. A nan ne kuma ake samun na wasanni, irin Haikyu na ƙwallon raga da Blue Lock na ƙwallon ƙafa.

Akwai na 'yanmata, shojo, irin Sailor Moon da Fruits Basket, masu tafiya a hankali cikin zuciyar mutum, da kishi, da kunya, da rikicin dangi. 'Yan'uwa mata da suka taso da littattafan soyayya ba za su ji baƙunci a nan ba. Kuma su sun fi kowa sanin ciwon raini, don an daɗe ana kiran abin da suke karantawa adabin kasuwa, sai ga shi yau ana rubuta kundin digiri a kansa a jami'a.

Sai na manya, maza da mata. Ɗauki Monster na Naoki Urasawa. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajafane ne ke aiki a Jamus. Aka kawo yaro da harsashi a ka, aka kawo magajin gari, shugabannin asibiti suka ce ya bar yaron ya duba mai muƙami. Ya ƙi, ya ceci yaron, ya rasa matsayinsa. Bayan shekaru sai ga shi yaron nan ya zama makashin mutane. Laifin wa? Shin da ya bar shi ya mutu ya fi? Haba jama'a, wannan tambayar ta 'yan firamare ce? Ko Vinland Saga, labarin yaron da aka kashe ubansa a gabansa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman fansa, da abin ya kuɓuce masa sai ya tarar babu komai a hannunsa sai jinin mutane. Rabin labarin na biyu a gona ake yin sa, yana bawa, yana koyon yadda mutum ke ajiye makami. A garin da muka san abin da faɗan daba ke yi wa samari, ban ga wanda ya fi ƙarfin wannan darasi ba.

Akwai ma wanda babu faɗa ko ɗaya a cikinsa. Sazae-san labarin wata matar aure ce da iyalinta, ana nuna shi a Jafan duk yammacin Lahadi tun 1969 har yau. Cefane, surukai, maƙwabta, shi ke nan. Kusan Daɗin Kowa ne aka zana.

Idan kuwa mutum ɗaya za ka ba fim ɗaya don ya daina cewa katun na yara ne, ka ba shi Grave of the Fireflies na Isao Takahata, wanda kamfanin Studio Ghibli ya fitar a 1988. Birnin Kobe ne a 1945, jiragen Amurka suna ruwan wuta. Wani yaro mai suna Seita da ƙanwarsa Setsuko, 'yar shekara huɗu, suka rasa uwarsu. Suka koma gidan wata gwaggonsu, ta karɓe su da fara'a, da abinci ya fara ƙaranci sai gori ya fara. Yaron ya yi zuciya ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani kogon fakewa a bakin tafki. Daga nan sai ka zauna kana kallon yunwa tana cin yarinyar a hankali, shi kuma yana sata a gonakin mutane don ya ciyar da ita. Babu jarumin da zai zo ceto. Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja ya ga yarinya 'yar gudun hijira tana goye da ƙanenta tana miƙo hannu, ya san wannan labari ba na Jafan kaɗai ba ne. Wallahi na ga gardawa masu gemu sun kalle shi sun tashi suna cewa wai ƙura ce ta shiga musu ido.

Duniya ma ta daɗe da daina raina abin. Spirited Away na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a 2001, ya ci kyautar Oscar a 2003, Miyazaki ya sake ci a 2024 da The Boy and the Heron. Fim ɗin Demon Slayer na 2020 shi ya fi kowane fim a duniya kawo kuɗi a waccan shekara.

Mu ɗalibai kuma akwai namu layin. Cells at Work ya mai da jikin mutum gari guda: jajayen ƙwayoyin jini 'yan dako ne masu kai iska gida-gida, fararen kuma 'yan sintiri masu farautar ƙwayar cuta. Dr. Stone ya ɗauki yaron da ya farka a duniyar da babu komai, ya bi mataki-mataki yana haɗa sabulu, gilashi, wutar lantarki, har maganin kashe ƙwayoyin cuta. Silver Spoon labarin ɗan birni ne da ya tsinci kansa a makarantar koyon aikin gona a Hokkaido, yana koyon tatsar shanu da lissafin bashin manomi. Ban ce su maye gurbin handawut ba. Amma abin da ido ya gani yana motsi ya fi zama a ka fiye da abin da aka haddace daren jarrabawa.

Me ya sa yake kama zuciyar ɗan Kano?

Saboda a ƙarƙashin manyan idanun nan da gashi mai launin shuɗi, akwai abubuwan da muka sani. Naruto maraya ne da gari ya tsangwama saboda abin da ba shi ya jawo ba. Duk wanda kakarsa ta yi masa tatsuniyar 'yar bora ya san ɗanɗanon wannan. Tanjiro na Demon Slayer gawayi yake sayarwa don ya ciyar da uwarsa da ƙannensa bayan rasuwar uba. Ɗan fari nawa ne a ajinmu ke fita daga lakca ya wuce rumfa a kasuwar Sabon Gari saboda wannan dalili? Suna cire takalmi a bakin ƙofa, suna rusuna wa babba, almajiri ba ya haɗa kafaɗa da malaminsa, saurayi yakan yi kashi ashirin yana jin nauyin furta wa yarinya kalma ɗaya. Wannan kunya ta fi kusa da tamu fiye da abin da ke zuwa daga Amurka. Dodanni da aljanu da dabbobi masu magana kuwa, ai mu jikokin Gizo da Ƙoƙi ne, ba a yi mana bayani.

Akwai wani amfani kuma da ba a cika faɗa ba. Tsakanin Fagge da Sabon Gari titi ne kawai, amma kowa ya san wani lokaci titin nan yakan yi faɗin teku. A ajinmu akwai ɗan Fagge, akwai Ibo da Bayarabe 'yan Sabon Gari da aka haifa a nan. Abu biyu na ga suna sa su manta da wane ne wane su yi musu har murya ta dushe: ƙwallon Turai, da tambayar ko Itachi mugu ne ko gwarzo. Garin da ya ga abin da ya gani a tarihinsa bai kamata ya raina duk wani abin da ke zaunar da 'ya'yansa a benci ɗaya ba.

Masu suka ba su rasa gaskiya ba

To, kada a ce na zo tallan haja. Masu cewa a yi hattara suna da hujja, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi fiye da yadda su kansu suka sani.

Akwai tsiraici. Wani anime ɗin batsa ce zalla, an yi shi ne don haka. Wani kuma labarinsa lafiya lau, sai a tsakiyar tafiya a cusa shigar banza da raha mara kan gado don jan hankalin samari. Akwai zubar da jini: a Attack on Titan ƙattai ne ke cin mutane da ransu, a Demon Slayer fille kai shi ne aikin jarumi, Death Note kuma labarin ɗalibi ne da ya sami littafin da duk wanda ya rubuta sunansa a ciki zai mutu. Da yawa daga irin waɗannan, a Jafan ɗin ma sai dare ya raba ake nuna su, lokacin da yara suka yi barci. Kuma kada sunan layi ya ruɗe ka, don Death Note a mujallar samari ya fito.

Yanzu koma shagon mai tura fim. Uwa ta ba yaro waya ta ce je a sa maka katun ka bar ni in yi aiki. Mai shago ya buɗe jakar nan guda ɗaya ya kwashi abin da ya samu. Yaro ya dawo ya shige ɗaki. Uwa ta leƙo ta ga zane ne, hankalinta ya kwanta. Da fim ɗin mutane ne aka sa masa mai irin wannan abu, da tuni ta ƙwace wayar. Kun ga inda maganar "katun na yara ne" ta kai mu? Kuɗin goron da aka yi wa abin shi ya buɗe wa ɓarna ƙofa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, amma babu hukumar da za ta iya shiga kowane memori a kowane lungu. Mai tacewa na gaskiya shi ne yaya ko yayar da ta san bambancin Doraemon da Attack on Titan. Wato mu. Wanda bai san abu ba, ba ya iya tsare gidansa daga gare shi.

Akwai maganar aƙida. Jafanawa suna da addinansu, Shinto da Buda, kuma alloli da iskoki da sake dawowa duniya bayan mutuwa suna yawo a labaransu. Babba mai hankali, Musulmi ko Kirista, ya san labari labari ne. Iyayenmu sun yi shekara da shekaru suna ganin gumaka a fim ɗin Indiya, ba su fasa sallah ba. Yaro ƙarami ne ke buƙatar babba a kusa da zai ce masa wannan tatsuniyarsu ce. Kuma zanen kansa ba shi da addini. A 2021 kamfanin Manga Productions na Saudiyya ya haɗa hannu da Toei na Jafan, masu Dragon Ball da One Piece, suka fitar da The Journey, wanda aka gina a kan zuwan rundunar Abraha da giwayenta Makka. Alƙalami ɗaya ne, abin da aka rubuta da shi ne ke bambanta.

Sai babbar matsala ta ɗalibi, wato lokaci. Mu yi lissafi, tunda 'yan fasaha ne mu. Naruto da ci gabansa kashi 720 ne. Kowane kashi kusan minti 23. Ka ninka, za ka sami awa 276, wato kwana goma sha ɗaya da rabi ba barci ba sallah ba cin abinci. One Piece ya haye kashi 1000 tun 2021. An gina abin ne yadda kowane kashi zai ƙare a daidai inda ba za ka iya ajiye waya ba. "Bari in ƙara ɗaya" ta kai mutane da yawa ga kiran assalatu, ta kai wasu ga kari-oba. Duk wanda ya fara One Piece saura mako biyu jarrabawa, kada ya ce malami ne ya kayar da shi. Abin dariyar ma, jarumin da kake kallo horo yake yi dare da rana don ya cimma burinsa, kai kuma kana kwance kana taya shi da ido.

Ina namu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Mun ci na Indiya, mun ci na Chana, muna cin na Koriya da Turkiyya da Jafan. Yaushe za a ci namu?

Za a ce babu kuɗi. To, rashin kuɗi ne ya haifi salon anime ɗin kansa. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Lokacin da Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin a 1963, ba shi da kuɗi ko ma'aikatan da za su yi zane mai yawa irin na Disney duk mako. Sai ya rage, ya koma kamar zane takwas a daƙiƙa, ya bar fuska a tsaye baki kaɗai ke motsi, ya riƙa maimaita wasu zanukan, ya zuba ƙarfinsa a labari. Dabarar talaka ce ta zama abin da duniya ke kwaikwayo yau. Makoto Shinkai, mai Your Name, ya yi Voices of a Distant Star a 2002 kusan shi kaɗai a kwamfutarsa ta gida, fim na minti 25.

Za a ce ai waɗannan Jafanawa ne. To ga na gida. Moustapha Alassane ɗan Nijar ya yi fim ɗin zane tun shekarun 1960. Bon Voyage Sim na 1966 da kwaɗi ya yi shi yana yi wa shugabanni shaguɓe. A Tawa ya zauna shekaru masu yawa, ya rasu a 2015. Nan kusa da mu, ƙasar Hausa. A Najeriya ga Bino and Fino na Adamu Waziri, ga Lady Buckit and the Motley Mopsters na 2020, ga Iwájú da kamfanin Kugali ya yi da Disney a 2024 a kan Legas ta gobe. Kayan aikin ma yanzu kyauta ne: Blender, Krita, da OpenToonz, wanda asalinsa manhajar da Studio Ghibli ke aiki da ita ce aka sake ta ga kowa a 2016. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da Blender aka yi shi, ya ci Oscar a 2025.

Labari kuwa, a nan ne muka fi kowa arziki. Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu. Barbushe a kan Dala. Sarauniya Amina da ganuwowinta. Gandoki, Iliya Ɗan Maiƙarfi, Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, har Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo da ta kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Waɗannan labarai ne da kyamarar Kannywood ba ta da kuɗin ɗaukarsu, don wa zai gina maka birnin aljanu ko ya tara dawaki dubu? Mai zane kuwa da fensir zai tara su. Sai dai mu ɗauki darasi: dabara ake aro, ba riga ba. Tezuka ya koya daga Disney, ya mai da abin na Jafan. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa, ya zuba a Magana Jari Ce, ya fito Bahaushe tsaf. In muka zana Amina da idon Sailor Moon da siket ɗin makarantar Tokiyo, mun yi aikin banza. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. A Jafan ɗin kanta ƙananan masu zane suna kukan ƙarancin albashi da yawan aiki. Mu kuma ga wutar da ba ta zama, ga tsadar kwamfuta, ga al'adar turawa kyauta da ta riga ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, wadda kuma ba za ta ƙyale mai zane ba. Amma babu wanda ya ce a fara da fim na awa biyu. Minti uku ya isa. Muna da masu karatun zane, muna da 'yan kwamfuta, muna da masu muryar da in suka kwaikwayi lakcara sai aji ya kwanta da dariya. Abin da ya rage shi ne su san juna.

Saboda haka ga roƙona. Ga ƙungiyar ɗalibai: a ware yamma ɗaya a zango a nuna fim ɗaya da aka zaɓa da kyau, irin A Silent Voice na 2016, labarin yarinya kurma da yaron da ya cuce ta a firamare ya girma yana neman gafara, a zauna a tattauna bayan an gama. Ga malamanmu: in ɗalibi ya kawo shawarar yin gajeren zane mai motsi da Hausa a matsayin furojet, a saurare shi kafin a yi dariya. Ga 'yan'uwa masu shagon tura fim, da yawansu ma ɗalibai ne irinmu: ku raba jakar nan gida biyu, ta yara daban ta manya daban, aikin minti goma ne, kuma in yaro ya zo ku dubi shekarunsa kafin ku dubi kuɗinsa. Ga masu kallo: ku daina kife waya, ku kuma daina tura wa kowa komai. Ga wanda bai taɓa kallo ba: gani ya kori ji, ka gwada ɗaya, in bai yi maka ba ka zage shi da hujja.

Mu kuma 'yan ND II da ke shirin fita, kafin mu kwanta yau, kowa ya karɓi wayar da ƙanensa ke wasa da ita ya buɗe ya duba abin da ke ciki. One Piece kuma ba gudu zai yi ba, a bar shi sai an ajiye biro.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita lafiya.